Waya Ba Ta San Suruki Ba

Da zarar hunturu ya kau bazara ta kama, ɗaki ya koma tanda, kowa a Gwandu da Kalgo sai ya jawo tabarma ƙofar gida, dare kuma ya yi tsawon da hira kaɗai ba ta cika shi. A nan sabuwar waƙa take cin kasuwarta. Ga ƙaramar Sallah ta faɗo cikin bazara a 'yan shekarun nan, 10 ga Afrilu a 2024, 30 ga Maris a 2025, daidai lokacin da mawaƙa ke sakin abin da suka tanada. Ɗalibi ya fito da waƙar daga jami'ar tarayya da ke hanyar Kalgo zuwa Bunza, mai cajin waya ya loda ta a memori, Xender ya raba ta kafin shayi ya huce. Mu masu jin waƙa kafin kowa ciwonmu ɗaya ne, ba ma iya riƙe ta. Sai mun mai da ita ƙarar kira, don wani ya ɗago kai ya ce, "Kai, wa ya yi wannan?" Duk abin da ya biyo baya mu ake ɗora wa, ni kuwa na ce an zalunce mu. Laifin na waya ne, domin ita makaɗiya ce da ba ta da ido.

Ƙasar Kabi ba baƙuwar kiɗa ba ce. Aliyu Ɗandawo da ɗansa Sani sun yi wa sarakuna waƙa, kuma rabin sana'ar makaɗin fada karanta fuska ne: ya san lokacin ɗaga murya, ya san lokacin da zai yi gaisuwa ya ja da baya. Ko Gambu mai waƙar ɓarayi, da duk abin da ake faɗa a kansa, ya san wa yake yi wa kiɗa, ya san inda zai tsaya ya yi shi. Kaset ma da ya zo sai an sa hannu an danna. Waya ce kaɗai ke fara kiɗa da izinin wani mutum da ke wani gari, wanda bai san kana tsugune ba.

To ka ɗauka kai ne, ka je gaida suruki a Gwandu, garin da hubbaren Abdullahi ɗan Fodiyo yake, inda zauren dattijo ba wurin wasa ba ne. Ka tuɓe takalmi tun daga nesa, ka durƙusa, kai a sunkuye. An gama gaisuwa, Baba ya ce a yi addu'a, hannuwa sun tashi sama. A daidai nan, tsakanin amin ta biyu da ta uku, fiyano ya ɓarke daga cikin wandonka, wata siririyar murya ta fara bayyana wa zauren yadda soyayya ta hana ta barci. Ba ka isa ka sauke hannu ba, ba a shafa ba tukuna. Sai ka ƙara ƙarfin amin ko za ta danne kiɗan, amin ɗin kuwa ta hau kiɗan daram kamar kai ne ɗan amshi. Da aka shafa, sai ka tarar wayar tana ƙarƙashin babbar riga, ƙarƙashin 'yar ciki, cikin aljihun da tsuguno ya ɗaure bakinsa. Ka miƙe ƙafa ɗaya a gaban suruki, abin da ba ka taɓa yi ba tun ranar ɗaurin aure. Ka zaro ta, ka goga yatsa, amma gilashin ya jiƙe da gumin bazara, bai san yatsanka ba. Ka lalubi maɓallin gefe, ka danna na sama maimakon na ƙasa. Baba bai ce uffan ba, carbinsa kawai ya tsaya cak. Mai kiran kuwa abokinka ne na Kalgo, wanda ka tura wa waƙar jiya, yana son ya gaya maka ba ta buɗe ba.

Na san abin da za a ce: me ya hana ka kashe mata murya tun a ƙofar gida? Mai wannan magana bai taɓa tafiya a kan babur cikin ranar Afrilu ba. Wanda ya sauka a wannan hali sunan ƙannen matarsa ma sai ya yi lalube, balle maɓalli. Wasu za su ce a sa karatu ko wa'azi a madadin waƙa, amma malamai da yawa sun ƙi a mai da aya ƙarar kira, saboda ana datse ta a tsakiya, ana kuma shiga da ita banɗaki, ka ga an gudu ba a tsira ba. Masu cewa mutum ya toshe kunnensa ya ji abarsa shi kaɗai su ne suka fi ba ni mamaki. Da haka kowa ya yi, da "Jaruma" ta Hamisu Breaker ba ta game gari a 2020 ba, alhali mutane na kulle a gida. Daga waya zuwa waya ta bi, kuma masu wannan nasiha ba su toshe nasu kunnen ba da ta iso.

Abin da ya rage wa mai wannan jarrabawa shi ne shawarar 'yan zaure, kuma ita nake so a rubuta da ruwan zinari. Ƙanin suruki zai fara: "Hidda batir, yaro, hidda batir!" Shawara ce mai kyau a zamanin Nokia mai tocila, amma wayoyin yanzu an liƙe bayansu, sai ka kama ɓantarar murfin da ba murfi ba, farce ya karye, waƙa ta shiga baiti na biyu. Wani zai ce ka zauna a kanta, wato ka zauna daɓas a gaban suruki kiɗa na fita daga ƙarƙashinka. Sannan dattijon da ke lungu, wanda tun ɗazu ake zaton barci yake, zai buɗe ido ɗaya ya ce, "Wagga waya ruwa ta sha. A sa ta cikin shinkahwa, haka jikana ya yi ma tashi." Ba wanda zai gaya masa cutar daban maganin daban. Ni dai a cikin ukun tasa nake goyon baya, domin a Kabi ba a rasa shinkafa, kuma wayar da aka tura tsakiyar buhu mai kilo 50 ba a jin kira na biyu.