Faɗan Kifi, Laifin Mai Tanki

Tankin gilashi mai cin lita 60 gidan haya ne da ba shi da ƙofar fita. Mazaunansa ba su zaɓi juna ba, kakanninsu ma ba su taɓa shan ruwan rafi ɗaya ba: wannan ɗan Amazon ne, wancan ɗan Tailan, na ukun daga Sumatra asalinsa yake. An ce zo mu zauna, zo mu saɓa, to amma kifin da ya saɓa da maƙwabcinsa a kogi yakan kaɗa wutsiya ya yi gaba, magana ta mutu. A tanki kuwa, gaba gilashi, baya gilashi. A 2011 Ronald Oldfield, mai nazarin halittu a Jami'ar Case Western Reserve ta Amurka, ya yi gwaji da ƙananan kifayen Midas, dangin karfasa, ya ga faɗa yana lafawa idan wuri ya yalwata kuma aka wadata shi da duwatsu da ciyayi da lungunan ɓuya. Ashe akasarin abin da ake kira muguntar kifi, rashin tsarin gida ne, kifi kuwa ba shi ya tsara gidan ba. Mai neman sanin dalilin yagaggen fiffike ya daina leƙen ruwa, ya waiwayo ya dubi wanda ke tsaye a gaban gilashi da 'yar koma a hannu.

Na farko a cikin masu tanki Mai Sayen Launi ne, wanda ke shiga shagon kifi kamar mai zaɓen ankon biki: a ba shi ja biyu, shuɗi ɗaya, da wancan mai jan wutsiya. Ya haɗa namijin beta da mazan gufi masu baza jela, sannan ya yi ta mamakin yadda beta ya ɗauke su kishiyoyi. Ƙanensa shi ne Mai Biyu-Biyu, mai son adalci, wanda daga kowane iri sai ya ɗauki guda biyu cif. Kifin taiga bab mai zanen damisa ɗan garke ne. Idan sun kai shida zuwa sama, tsokanarsu a junansu take ƙarewa, idan kuwa biyu ne rak, sai su rasa abin yi su koma tsinkar fiffiken maƙwabta. Sai Malam Za-Su-Saba, mai imani da tarbiyya, wanda ke zuba 'yan niyon tetira tare da kifin anjel yana cewa ai tare za su tashi. Tare suke tashi kuwa, har ranar da bakin anjel ya kai girman ɗan niyon, daga nan lissafin safe ya daina cika. Shi kuma Mai Shago amsarsa ɗaya ce ga kowace tambaya: "Ai duk suna zaman lafiya, Alhaji." Shi ne ke sayar da ɗan kifin nan mai cin gansakuka a matsayin mai shara, ya manta bai faɗi cewa yakan haura santimita 20 ba, kuma idan ya girma yakan ajiye tsintsiya ya koma tsotsar yauƙin jikin 'yan haya.

Duk waɗannan yara ne a gaban Alƙali. Shi Alƙali ba ya ganin tanki, kotu yake gani. Bayan isha'i sai ya jawo kujera, ya naɗe hannu, ya zura ido har sai ya kama mai laifi dumu-dumu. Ya riga ya raɗa wa kowa suna: akwai Fir'auna, akwai Ɗan Daba, akwai Baiwar Allah da ke maƙale a bayan bututun filta. Shari'arsa ba ta da ɗage zama, ba ta da ɗaukaka ƙara. Da ya ga an kori wani daga kan abinci sai ya tsoma koma, ya kwashe rabin awa yana farauta, ya tumɓuke ciyayi, ya rushe duwatsu, ya razana kowa da kowa, sannan ya jefa wanda ake tuhuma gidan yarin bokiti na kwana uku ko zai yi nadama. Ya kwanta barci da natsuwar wanda ya tsayar da gaskiya a doron ƙasa. Kwana biyu ba a cika ba, Baiwar Allah ta fito daga bayan filta ta gaji sarautar, tana kora fiye da wanda aka tsige. Alƙali ya girgiza kai, ya ce mutum mugun icce ne, ashe kifi ma haka, ya sake ɗauko koma. Abin da bai taɓa faɗo masa a rai ba shi ne kujerar sarautar ce ke nan daram, mai zama kawai yake sauyawa. Duk matar da ta taɓa kiwon kaji ta san wannan tun kafin Thorleif Schjelderup-Ebbe, ɗan ƙasar Norway, ya bayyana tsarin wa-ke-saran-wa a tsakanin kaji a shekarun 1920. Konrad Lorenz ma, a littafinsa na 1963 kan faɗa a tsakanin dabbobi, ya nuna yadda namijin wasu dangin karfasa, idan aka kwashe masa duk abokan hamayya, yakan juye haushinsa a kan matarsa. Mafi ban tausayi a cikin fursunonin Alƙali shi ne kiribensis, ɗan gida daga rafukan kudancin Najeriya da Kamaru, salihin kifi wanda ba ya ɗaga murya sai ranar da matarsa ta yi ƙwai a cikin kogo. Daga nan su biyun su tare ƙofa, su kori duk mai giftawa. Laifinsu a takardar tuhuma shi ne tsaron 'ya'ya, aikin da Alƙali da kansa yake yi kullum a ƙofar gidansa da sanda.

Za a ce ai wasu kifayen masifa a jininsu take, kuma gaskiya ne. Beta an daɗe ana zaɓar irinsa a Tailan saboda faɗa, baƙin kifin nan mai jar wutsiya da ake kira shak kuwa ba ya ƙaunar ganin mai kama da shi. Sai dai wannan hujja ba ta wanke mai tanki, ƙara ɗaure shi take yi, domin hali ne sananne tun kafin a biya kuɗi, kuma kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Za a ce masu kiwon kifin ambuna na Tafkin Malawi da gangan suke cunkusa su don faɗa ya rarrabu. Haka ne, amma a manyan tankuna suke yi, da tulin duwatsu da filta mai ƙarfi da canjin ruwa a kai a kai. Wanda ya kwaikwaye su a lita 60 zai kashe faɗa, ya kuma kashe masu faɗan da gubar amoniya. Za a kuma ce ga wane can ya haɗa komai da komai, shiru kake ji. A tambayi watanni nawa kifayensa suka yi. Yawancinsu ana sayar da su ne suna ƙanana, kafin balaga ta koya musu kishi da son fili. Shiru ma ba shaidar lafiya ba ce: kifin da ya koɗe, ya tsuke fiffike, ya lafe a kusurwar sama ba ya fitowa cin abinci, ba zaman lafiya yake yi ba, jiran ajali yake.

Akwai mutum ɗaya da ba ya cikin wannan raha, shi ne Mai Kallon Dambe. Sauran duk jahilci ne ko ɗoki ya kai su, shi kuwa ya sani sarai. Yana zuba mazan beta biyu a kwalba ɗaya, ya saita waya, ya kira abokai. Idan aka yi magana ya ce ai halittarsu ce. Ɗan dambe da ƙafarsa yake shiga fili, akwai mai rabawa, kuma idan ya faɗi yakan tashi ya tafi gida. A fadamun shinkafar Tailan ma, beta da aka fi ƙarfi yakan sulale cikin ciyawa ya tsira. Wannan mutum hanyar gudun ya toshe, sannan ya zauna yana dariya. Abin da yake yi zalunci ne a kan rai da ba shi da bakin kai ƙara, kuma ƙanƙantar ran ba ta rage girman zaluncin.

Maganin sauran kuwa ba ɓoyayye ba ne: a tambayi girman da kifi zai kai kafin a saya, a cika garken masu garke, a ba kowane namijin gufi mata biyu ko uku don kada ya addabi ɗaya, a dasa ciyayi su tare ido, a sauya zaman duwatsu ranar da baƙo zai shigo, a kuma iya fita daga shago hannu wofi. Wannan na ƙarshen shi ne ya gagari nau'in da ya rage, wato Mai Wa'azi, wanda ya haddace adadin lita da santimita, yake tsara dogayen sakin layi yana jera laifuffukan jama'a. Laifi tudu ne. Idan ya gayyace ka ganin tankinsa, ka yaba ciyayin, ka yaba hasken, amma don girman zumunci kada ka tambayi abin da ke motsi a cikin bokitin da ke bayan ƙofa.