Mota Ɗaya, Hali Goma

Mutumin Abaji ba shi da uzurin cewa tarihi ya yi masa nisa, domin garinsa a bakin hanya yake. In ka nufi kudu, ka wuce Gegu da Koton Ƙarfe, ka haye gadar Murtala Muhammed da ke Jamata, sai ga ka a Lakwaja, inda Kwara da Binuwai suka haɗu, inda kuma Gwamna Lugga ya kafa tutar Ingila ranar 1 ga Janairu, 1900. In arewa ka nufa, Dutsen Zuma ne zai fara yi maka maraba, daga nan sai Zariya da ganuwarta, Kano da Dala da Gidan Makama, Katsina da Hasumiyar Gobarau, Daura da Rijiyar Kusugu. Teku dai ba mu da shi, amma Lakwaja ta ishe mu garin bakin ruwa.

Shi ya sa da hutun Sallah ko na makaranta ya zo, sai ka ga ƙungiyar matasa, ko malaman makaranta, ko 'yan adashe, sun yi karo-karo sun ɗauki shatar bas. An ce tafiya mabuɗin ilimi. Gaskiya ne, sai dai ilimin da ta fi buɗewa shi ne na halin abokan tafiya. Ga mutum goma da ba a rasa su a irin wannan mota.

Na ɗaya: Ciyaman

Shi ya kawo shawara, shi ya tara kuɗi, shi ke riƙe da littafin sunaye. Mako guda yana jan kunne: "Ƙarfe shida daidai mota za ta tashi. Wanda ya makara ya biyo mu a acaɓa." Takwas saura kwata sai ga shi da biro uku a aljihu, yana yi wa direba faɗa a kan bai wanke gilashi ba. Duk inda aka tsaya sai ya ƙirga mutane, kuma kullum lissafin ba ya cika, don yana manta kansa. In an tambaye shi canjin kuɗin mai, sai ya ce, "In mun dawo za mu zauna." Har yau ba a sa ranar zaman ba.

Ta biyu: Hajiya Mai Guzuri

Kujera biyu ta biya, ɗaya tata, ɗaya ta kuloli. Akwai dambun nama, akwai soyayyun kaji, akwai kunun aya da zoɓo a gora, ga dafaffen ƙwai da yaji a ƙulle a leda. Tun kafin a fita Abaji ta buɗe kula ta farko, kuma da kuloli take auna nisan hanya: in an kai ta uku, to an iso Jamata. Duk wurin tarihin da aka je, tambayarta ɗaya ce: "Ina inuwa?" Sai ta shimfiɗa tabarma ta ce, "Ku je ku gano mana, ni ina gadin kaya." Ana yi mata dariya da safe, amma da la'asar, sa'ad da yunwa ta fara magana, kowa "Hajiyarmu" yake kiranta. Hatta Ciyaman yakan manta da jadawalinsa in ya ga cinyar kaza.

Ta uku: 'Yar Hoto

Wannan ba ta taɓa fuskantar abin da aka zo gani ba, kullum baya take juya masa. Hasumiyar Gobarau ta yi shekara sama da 500 a tsaye, amma a wurinta aikin hasumiyar bai wuce ta tsaya a bayanta ba. Mayafi uku ta zo da su don kada a gane rana ɗaya aka yi hotunan. Duk wanda tsautsayi ya sa ta miƙa wa waya, yawonsa ya ƙare: "Sake ɗauka, na rufe ido. Ɗan durƙusa. Haba, ka sa na fito gajeriya!" Kafin a koma mota ta sa hoton a Facebook da TikTok, ta rubuta masa suna Ganuwar Kano, alhali a Katsina ake.

Na huɗu: Malam Na-Sani

Shi mai yi wa baƙi bayani abokin gabarsa ne. A kan Dutsen Patti na Lakwaja, saurayin da ke zagayawa da mutane zai ce, "Ana cewa daga nan Flora Shaw ta hango kogi ta raɗa wa ƙasar nan suna." Kafin ya rufe baki Malam ya yi gyaran murya: "Yaro, ba 'ana cewa' ba ne. Ga dutsen da ta zauna a kai can, Lugga na riƙe mata da lema." Abin da aka tabbatar shi ne ta kawo sunan a wani rubutu da ta yi a jaridar Times ta Landan a Janairun 1897, kuma sai 1902 ta auri Lugga. Amma wa ya isa ya faɗa wa Malam?

A Kano abin ya fi muni. A bakinsa, Bayajidda ne ya gina ganuwa, Sarauniya Amina ta yi yaɓe, Lugga ya zo bikin buɗewa. Ko a jikinsa cewa Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara ginin, Muhammadu Rumfa ya faɗaɗa shi a ƙarni na 15, kuma sojojin Lugga da igwa suka shigo birnin a Fabrairun 1903. In ka kawo masa littafi, sai ya ce, "Ai Turawa ne suka rubuta." In ka ce Bahaushe ne, sai ya ce, "To Turawa ne suka koyar da shi."

Na biyar: Ɗan Turai

Kwas na 'yan watanni ya yi a Birtaniya shekarun baya, kuma har yau bai gama dawowa ba. Rigar sanyi yake sawa a zafin Lakwaja. Duk abin da aka nuna masa sai ya girgiza kai ya ce, "Kayya, da a Wales ne..." Daga nan wa'azi ya tashi. Zai ba ka labarin fadar Karnarfon, inda aka naɗa Charles sarautar Yariman Wales a 1969. Zai ba ka na Konwi, garin bakin teku mai ganuwar dutse da hasumiyoyi 21, inda mutum ke tafiya a kan ganuwa yana kallon jiragen masunta, tsuntsayen teku na ƙoƙarin fizge masa soyayyen kifi. Zai ce a 1283 Sarki Edward na Ɗaya ya fara gina su, kuma UNESCO ta sa su cikin kayan tarihin duniya a 1986.

Abin da ba ya faɗa shi ne, Edward Sarkin Ingila ne da ya ci Wales da yaƙi, ya gina fadojin don ya danne mutanen ƙasar, wato dai bariki ne na mai mulkin mallaka. Ba ya kuma faɗar cewa an fara ganuwar Kano kimanin shekara 150 kafin a aza tubalin Konwi, kuma tsawonta ya ninka na Konwi fiye da sau goma. Sai dai abin haushi, akwai gaskiya a bakinsa. Can ana gyara, ana shara, ana sayar da tikiti, akwai allon bayani da makewayi mai tsafta. Tamu ganuwar tun 2007 take cikin jerin masu jiran tantancewar UNESCO, kuma kowace damina tana rage tsawo. Shi ya sa ake jin haushinsa sau biyu: don ya cika baki, kuma don ba a iya ƙaryata shi duka.

Na shida: Matsoraci

Tun a tasha ya fara tuna wa jama'a cewa ambaliya ta datse hanyar Koton Ƙarfe a 2012 da 2022, ko da kuwa a tsakiyar rani ake. In an zo Dutsen Zuma ba ya ɗaga kai, wai fuskar da ke jikin dutsen tana kallonsa, alhali dutsen nan na jikin tsohuwar takardar naira 100 da ke aljihunsa. Dala kuwa ba ya hawa, don ba shi da tabbacin Tsumburbura ta tashi.

Ranar wahalarsa ita ce ta shiga kwalekwale zuwa mahaɗar ruwa. Rigar ruwa biyu yake ɗaurawa. Ya kama gefen jirgi da hannu biyu, ya dubi mai tuƙi ya ce, "Malam, don Allah faɗa mini gaskiya, an taɓa nutsewa a nan?" Mai jirgi ya ce, "Ba a wannan makon ba." Nan take duk addu'ar da ya haddace tun makarantar allo ta dawo masa. Ana nuna wa mutane inda launin ruwan Kwara ya bambanta da na Binuwai, shi idonsa a rufe. Amma bari a dawo Abaji ka ji shi a majalisa: shi ne ya kwantar wa mata hankali, har ya karɓi tuƙi da igiyar ruwa ta taso.

Na bakwai: Alhaji Fuloti

Da an sauka, sai ka gan shi yana taku yana ƙirgawa a hankali. Ba motsa jiki yake yi ba, awo yake. "Wannan filin duk a banza? In aka yanka shi hamsin-hamsin, ai fuloti arba'in ne." A marinar Ƙofar Mata, wadda ake rini a cikinta tun 1498, shi gidan mai ya hango. A gindin ganuwa kuwa jerin shaguna ya gani, har ya yanke kuɗin haya. Kuɗin shiga gidan tarihi ne kaɗai ba ya iya biya: "Kayan kakannina zan biya kuɗi in gani?" Sai ya yi rabin awa yana ciniki a kan abin da bai kai kuɗin katin da ya ƙona yana waya da dillalinsa ba. Dariyar da ake yi masa gajeriya ce, domin duk wanda ya zagaya ganuwar Kano ko ta Zariya ya ga inda 'yan uwansa suka riga shi zuwa: nan an ɗebi ƙasa an yi bulo, can an fasa an kafa gini.

Na takwas: Ado Ya Zo Nan

Shi kuma so yake tarihi ya san da shi. Yana tafe da gawayi ko ƙusa a aljihu, da ya ga mai gadi ya juya baya sai ya duƙufa. Bangon da magina suka yi wa ado da hannu tun zamanin kakanni, shi zai ƙara masa nasa: sunansa, sunan budurwarsa, hoton zuciya da kibiya, wani lokaci har da lambar waya. Bayan shekara biyu budurwar ta auri wani, lambar ta daina shiga, rubutun kuwa yana nan daram.

Na tara: Ɓatau

Ba a sanin yana cikin ayari sai an tashi komawa. Kowa ya shiga mota, direba ya tayar, sai a ga kujera ɗaya babu kowa. Wayarsa a kashe. A aika mutum biyu nemansa, su ma a shiga nemansu. Can gab da magariba sai ga shi yana tafe a natse, da kwalin busasshen kifi a ka da ƙullin doya a hannu, yana cewa, "Au, ni kuke jira?" A Kano, Kasuwar Kurmi ce ke haɗiye shi. A Zariya kuwa yana da wata gwaggo da rabonsa da ita tun yana yaro, kuma yau ce ranar zumunci. Shi ne dalilin da ya sa duk tafiyar yini ɗaya take zama ta dare.

Na goma: Baba

A kujerar baya yake, da carbi da 'yar butarsa, ba ya cikin hoto, ba ya cikin gardama. Shi ne zai ce wa Ciyaman, "Ɗana, in da hali a biya da mu Kabawa." Nan ne unguwar da kaburburan sarakunan da Turawa suka tuɓe suka kai Lakwaja suke. Cikinsu akwai Sarkin Kano Alu Babba, wanda ya hau mulki a 1894, aka kama shi a 1903, aka kai shi Yola, daga baya aka dawo da shi Lakwaja, inda ya rasu a 1926. Sarakunan Zazzau biyu, Kwasau da Aliyu Ɗan Sidi mai rubuta waƙoƙi, su ma a garin suka ƙare kwanakinsu.

Baba zai cire takalmi, ya yi sallama, ya yi musu addu'a. Sa'an nan ya zauna kusa da mai kula da wurin, su gaisa a tsanake, ya yi tambaya ya saurari amsa har ƙarshe. In zai tashi ya damƙa masa ɗan abin goro ba tare da kowa ya gani ba. Bayan an dawo gida, 'Yar Hoto na da hoto ɗari uku, Ɓatau na da kifi, Hajiya na da kulolin wankewa. Amma in yara suka tambayi abin da aka gano, wurin Baba ake tura su.

To mai karatu, kada ka yi saurin raba wa abokanka waɗannan sunaye, domin su ma sun riga sun zaɓa maka naka, kuma da wuya ya zama na goma. Hali zanen dutse ne, ba a ce ka sauya shi a tafiya ɗaya ba. Ka je da kulolinka, ka je da wayarka, ka je ma da tsoronka, duk mota za ta ɗauka. Abu huɗu kawai ake roƙo: ka biya kuɗin ƙofa, ka bar mai bayani ya kai aya, ka bar gawayi a murhu, ka kuma dawo mota a kan lokaci. Gani ya kori ji, amma sai in an bar wa na baya abin da za su gani.