Yadda Jambito Zai Zama Dakta Tun Bai Taɓa Riƙe Allura Ba

Ranar da sunan yaro ya fito cikin waɗanda jami'a ta ɗauka karatun likita, sunansa na yanka ya yi ritaya ke nan a gidansu. Daga Baba har mai kayan miya na bakin layi, kowa "Dakta". Gwaggo takan aiko da zakara, Kawu kuma ya fara ƙirga ranar da zai daina bin layin yankar kati a asibiti. Shi kuwa Dakta bai wuce shekara 18 ba, abin da ya haye kawai jarrabawar JAMB ce mai darussa huɗu, Turanci da bayoloji da kemistiri da fiziks, sai kiredit biyar na WAEC ko NECO. Hangen Dala ya yi, birnin na gaba. Amma tunda an riga an naɗa shi, ga shawarwarin da za su taimaka masa ya tsara shekararsa ta farko yadda rawanin ba zai yi saurin faɗuwa ba, ko kuma in zai faɗi, ya faɗi a gaban jama'a.

Da farko ya kwantar da hankalinsa game da zaɓen kwasa-kwasai, don babu wani zaɓi. A Amurka ne ake wannan wahalar. Can mai son likitanci sai ya fara yin digiri na shekara 4 a duk fannin da ya ga dama, ko tarihi ne ko kiɗa, muddin ya cusa bayoloji da kemistiri da fiziks a ciki, sannan ya zauna jarrabawar MCAT kafin makarantar likitanci ta dube shi. Shi ya sa suke da ma'aikata na musamman da aikinsu ke nan, su zauna da yaro suna auna masa wane kwas zai ɗauka bana, wanne zai bari sai baɗi. A Najeriya an hutar da kowa. Tuwon an riga an kwashe, miyar an zuba. Tun ƙarshen 2022 hukumar kula da jami'o'i, NUC, ta fitar da sabuwar manhajar da ake kira CCMAS, ta riƙe kashi 70 cikin ɗari, ta bar wa kowace jami'a kashi 30 ta yi yajinta. Ko a Samaru ɗalibi yake, ko Kano, ko Sakkwato, ko Maiduguri, abin da zai tarar a ajin farko kusan ɗaya ne: BIO 101, CHM 101, PHY 101, lissafi, ɗan abin kwamfuta, da GST. Babu mara lafiya, babu allura, ko warin asibiti ba zai ji ba.

Saboda haka abu na farko da ya kamata ya saya shi ne abin sauraren ƙirji. Ba zai yi amfani da shi ba sai bayan shekara uku ko fiye, amma hoton Sallah ba ya jira. Ya rataya a wuya, ya ɗora farar riga, ya tsaya ƙarƙashin darbejiya a ɗauke shi. In kuɗin sun gaza, kada ya damu. Bafaranshen likitan da ya ƙirƙiro na'urar a 1816, René Laennec, da takarda ya fara, ya naɗe ta kamar bututu ya kara a ƙirjin mara lafiya. Jambito, wato sabon ɗalibi, yana da handawut ɗin fiziks da ba ya karantawa, sai ya naɗe shi.

Sai rajista. Hanya mafi sauƙi ita ce ya miƙa lambarsa da kalmar sirrinsa ga yaron kafe, ya tafi cin indomi. Yaron kafe gwani ne, a wuni ɗaya yakan yi wa ɗan shari'a da ɗan noma da ɗan likita rajista, kuma wani lokaci yakan ba kowa kwas ɗin ɗan'uwansa. Ba a gane ɓarnar sai ranar jarrabawa, lokacin da Dakta zai tsaya a ƙofar zaure yana bin takardar sunaye da yatsa, daga sama har ƙasa, ya sake komowa sama, sunansa babu. Akwai wani malami da jami'a ta ajiye don hana irin wannan, ana ce masa lebul kodineta. Shi ke duba fom ya sa hannu, shi ya san cewa a ƙa'ida ba a ɗaukar ƙasa da yunit 15 ko sama da 24 a zango ɗaya, shi ya san ranar da ake rufe ƙara kwas ko sauke shi. Masu cewa zuwa da kai ya fi saƙo sukan je ofishinsa a makon farko da fom a hannu. Wanda yake son labari mai daɗin bayarwa a gaba, sai ya bari ya san ofishin bayan sakamako ya fito.

Maganar yunit kuwa, a nan ne ake gane wanda ya iya kasuwa. Yunit ɗaya na lakca awa ɗaya ce a mako, yunit ɗaya na firaktikal kuwa awa uku ce a ɗakin gwaje-gwaje. Maki 70 zuwa sama A ne, yana da daraja 5. 60 zuwa 69 B ne mai 4. 50 zuwa 59 C ne mai 3. Ana ninka darajar da yawan yunit, a tara, a raba. A ɗauki abokai biyu masu kwas biyu, ɗaya mai yunit 3, ɗaya mai yunit 1. Na farko ya ci A a ƙaramin, C a babban: 5 da 9, 14 ke nan, a raba huɗu ya tashi da 3.5. Na biyu ya juya lamarin, A a babban, C a ƙaramin: 15 da 3, 18, ya tashi da 4.5. Harufansu iri ɗaya, A guda C guda, amma tazarar maki ɗaya cur tsakaninsu. Shawara ga mai neman suna ita ce ya bi na farko. Ya kwana uku yana ƙawata rahoton firaktikal mai yunit ɗaya da biro kala uku da jan layi da rula, ya bar kemistiri sai daren jarrabawa.

Firaktikal ɗin ma abin kallo ne. Mutum goma sha wani abu a kan buret ɗaya, ɗaya na murɗa famfon, ɗaya na kaɗa kwalba, sauran na leƙe ta saman kafaɗa. Ana jiran ɗigo ɗayan nan da zai sauya launin ruwan, sai wani ya yi atishawa, mai famfo ya saki hannu, launi ya wuce inda ake so ya yi nisa. Nan take za a ji wata murya daga baya: "Ku tambayi gurup ɗin can nawa suka samu." A ɗakin fiziks kuma ana lilo da ɗan ƙarfe a bakin zare don a auna ƙarfin jan ƙasa, wanda duniya ta yarda 9.8 ne. Jambito yakan samu 14. Kada ya sake gwajin. Ya rubuta 9.8 a ƙasa, ya koma sama ya gyara alƙaluman su dace, ya ɗauka malamin da ya shekara ashirin yana duba irin wannan rahoto ba zai gane ba.

Fiziks dai shi ne maƙiyin da kowane Dakta ya yarda a tsana. "Ni da zan duba mutane, me ya haɗa ni da zare da ƙarfe?" Tambaya ce mai kyau, kuma ya ci gaba da yin ta da ƙarfi a majalisar mai shayi. Kada kowa ya ɓata masa rai da cewa 120 bisa 80 da ake faɗa in an auna jini, tsayin ruwan zaiba ne a bututu, wato zancen matsi da ake koyarwa a ajin farko. Kada a gaya masa cewa wani likitan Faransa, Poiseuille, ya nuna in faɗin bututu ya ragu da rabi, abin da ke gudana a ciki yakan ragu ninki 16, wanda shi ne dalilin da ɗan ƙunci kaɗan a jijiya ke zama babbar magana, kuma shi ne dalilin da nas ke neman allura mai kauri in ana son ruwa ya shiga jiki da sauri. Hoton ƙashi da Kawu ke jira a riƙa duba masa kyauta, malamin fiziks ne ya gano haskensa, Röntgen, a 1895. Kemistiri ma haka. Ledar ruwan gishirin da ake ratayawa a asibiti giram 9 ne na gishiri a lita guda, kuma jinin mutum yana zaune ne a ɗan siririn tsakani, pH 7.35 zuwa 7.45. Lissafin da ake rainawa kuwa, wata rana da tsakar dare za a ce a saka wa mara lafiya ruwa mililita 500 cikin awa 4 da igiyar da ke ba da ɗigo 20 a kowace mililita. Amsar ɗigo 42 ne a minti, kusan. Babu gurup ɗin can da za a tambaya.

GST kuwa a yi watsi da shi gaba ɗaya. Turanci ne da tarihin al'ummomin Najeriya da al'adunsu, wa zai tsaya? Illa dai wajibi ne, ba a kammala jami'a sai an ci shi, kuma ba a rasa gwanin kemistiri da ke komowa zaure ɗaya da ƙannensa saboda shi.

Zauren lakca yana da nasa ilimin. Ajin farko taron kasuwa ne: ɗan likita, ɗan haƙori, 'yar nas, ɗan harhaɗa magunguna, ɗan gwajin jini, ɗan gashin ƙashi, duk kwano ɗaya suke ci, ɗaruruwa a ɗaki guda. Lakcar ƙarfe takwas tun bayan asuba ake kama mata wuri, da littafi, da hula, da gorar ruwa, wata ma da ɗankwali ɗaya takan kame benci guda ta ajiye wa ƙawayenta. Dakta ya zo takwas da kwata cikin natsuwa, ya tsaya ta taga. Daga nan ba a jin malami, amma ana shan iska, kuma ana ganin bakinsa yana motsi. Dokar halartar kashi 75 cikin ɗari na lakcoci kafin a zauna jarrabawa tana nan a littafin ɗalibai. Haka ma gwaje-gwajen tsakiyar zango da ke ɗauke da maki 30 ko 40 cikin ɗari, waɗanda wasu malamai ke son yi ba sanarwa, ranar da aka yi ruwan sama.

Duk wannan zai zama wasa da ba don siraɗin da ke ƙarshen shekara ba. A sassa da yawa na jami'a, 40 ko 45 ya fitar da mutum, in ya faɗi kwas kuma ya ɗauko shi kariyoba ya ci gaba da tafiya. A galibin makarantun likitanci kuwa 50 ake nema a manyan darussan kimiyya kafin a haye aji biyu, kuma ba a cika barin kowa ya haye da kaya a ka ba. Dalilin ba mugunta ba ce zalla. Majalisar likitoci ta ƙasa, MDCN, takan ƙayyade wa kowace makaranta adadin da za ta horar gwargwadon malamanta da gadajen asibitinta, don haka ajin farko rariya ce. Wanda bai wuce ba akan tura shi wani sashe, kuma a nan ne ake buƙatar dabarar ƙarshe: kada a faɗa a gida. Anatomi da fiziyoloji da bayokemistiri digiri ne na shekara 4 masu zaman kansu, farar riga duk ɗaya ce, Gwaggo ba za ta bambance ba sai ranar da ta ga an gama da wuri. Wannan marubuci dai yana ganin da a ce tun farko gida sun san cewa nas da mai gwajin jini shekara 5 suke yi, kowannensu da majalisar da ke ba shi lasisi, kuma asibiti ba ya buɗuwa in babu su, da an rage yaran da ke ɓoye takardar sakamako a ƙarƙashin katifa.

Wanda ya haye kuma ya gyara lissafin shekarunsa kafin ya yi wa kowa alkawari, musamman 'yar gidan da aka ce ta jira, ko saurayin da aka ce ya jira. Shekara 6 ce a takarda, sai shekarar horo a asibiti, sai ta bautar ƙasa. Ɗalibai kan ƙara da "x", kuma ƙungiyar malaman jami'a, ASUU, ce ke da amsar x ɗin. A 2022 yajin aikinta ya kai wata takwas, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba.

Irin wannan dogon hutu ne ke kawo jarrabawar da ba ta cikin manhaja. Dakta na zaune a tsakar gida, sai ga Gwaggo ta shigo tana ɗingishi, ta zauna a tabarma, ta miƙe ƙafa, ta zazzage ledar magunguna da tsofaffin takardun asibiti a gabansa.

"Dakta, ɗan nan, duba min gwiwar nan. Tun sanyin bara take hana ni barci."

Abin da ya taɓa dubawa a duniya shi ne fatar albasa a ƙarƙashin madubin ƙara girma, sai wani kwaɗo da suka fede su goma sha biyu. Kada ya ruɗe. Ya gyara zama, ya ɗaga takardar sama wajen haske, ya ɗan girgiza kai, ya ce, "Gwaggo, wannan sai an je asibiti an yi hoto." Ko manyan ma galibi abin da za su faɗa ke nan.

"To ku me ake koya muku a can?"

"Ba mu kai ƙafa ba tukuna, Gwaggo. Sai aji biyu."

Ta tattara ledarta, ta ɗaure bakinta, ta dafa kafaɗarsa ta miƙe. A bakin zaure ta waiwayo ta ce in sun kai, ya tuna ta hagu ce.