Alwatika a Kumatun Kawu

Duk wanda ya ce ɗaukar hoto latsa maɓalli ne kawai, bai taɓa haɗa baƙin dattijo da farar shadda a ɗaki ɗaya ba. Ni na haɗa, a gidan Kawuna da ke Angondjé cikin Akanda, arewa da Libreville, ba nisa da filin wasan da Kamaru ta doke Masar da ci 2 da 1 a wasan ƙarshe na kofin Afirka a 2017.

Karatun dai na haddace shi tsaf. Fitilu uku ake kafawa: babba a gefe ta fito da fuska, ƙarama a ɗaya gefen ta rage duhun inuwa, ta ukun a baya ta raba mutum da bango. In babbar ta tsaya a digiri 45, sama da kai kaɗan, sai ɗan alwatikan haske ya bayyana ƙarƙashin ido ɗaya. Salon Rembrandt ke nan, mai zanen nan na Holan da ya rasu a 1669. Na faɗa kasuwar Mont-Bouët na sayo fitilun magina masu wat 500 da farar lema, na aro zanen gadon Hajiya, matar Kawu, na rataya a bango.

Bayan magariba Kawu ya fito cikin babbar riga, shadda ta sha bugu, aska takwas sai walƙiya. Hoton na kalandar ƙungiyarsu ta 'yan kasuwa ne.

"Kawu, a ɗan karkato hagu, alwatika nake nema."

"A ina?"

"A kumatu, Kawu."

"Fuskar tawa ce ta koma filin awo?"

Na kashe fanka don tana kaɗa zanen. A garin da ke bakin teku, dab da ikwaita! Kafin in gama saiti gumi ya keto masa, goshinsa na mayar da haske kamar madubi. Ita kuma kyamara farin rigar ya ruɗe ta, sai ta rage haske, fuska ta dushe. Da na buɗe mata don fuska ta fito, rigar ta wanke fes, ko zare ɗaya ba a gani.

"Ina aikin wuyan da na biya?" in ji Kawu.

Sai na ja babbar fitila baya. Ashe in ka ninka tazara, kashi ɗaya cikin huɗu na hasken ne ke isa. Hoto ya fito: ga hula, ga riga, babu mai su. Hajiya ta leƙo ta kafaɗata ta dafe ƙirji.

"A'uzubillahi! Wa ya ɗauke Alhaji ya bar kayan?"

Na damƙa wa autansu farantin silba ya maido haske kan fuska. Yaro ya saita shi cikin ƙwayar idon ubansa. Kawu ya ce ko a buɗe taga ko a kira masa liman. Aka buɗe. Akanda kuwa ƙasar fadama ce, dajinta na bakin ruwa ma tun 2002 aka mai da shi gandun ƙasa. Duk wani ƙwaro mai fiffike ya amsa gayyata. Ana cikin kore-kore lema ta fara ƙauri, sai ƙit, duhu. Fitiluna sun lashe ragowar katin wutar gidan.

Washegari Juma'a ce, cikin watan Yuli. Daga Yuni zuwa Satumba sama a nan lulluɓe take da gajimare ba ruwa, haske na sauka a tausashe ta ko'ina. Kawu na zaune kan benci yana jiran tasi, 'yarsa 'yar firamare ta ɗaga wayar uwarta ta latsa. Fuska ta fito, aska takwas ta fito, har da furfurar gemu ɗaya bayan ɗaya.

Don in rage kunya na ce ai Seydou Keïta na Bamako, wanda ya buɗe shagonsa a 1948, da hasken rana ya yi suna, a tsakar gida.

"Madalla," in ji Kawu. "Shi ma sai da ya gasa kawunsa kafin ya gane?"

Fitilun yanzu suna wurin mai tsiren bakin titi. Ya ce nama bai taɓa yin kyau haka ba.