In Ɗan Zango Ya Karye

Mu dai a zangon Tamale da ke Ghana, in aka ce wane ya karye, ba ma barinsa ya rufe kansa a ɗaka. Jaje na yini guda ne. Kashegari sai wata Hajiya ta kira ɗansa, ta miƙa masa tire da ƙwaryar goro, ta ce, "Gaya wa babanka ya fito kasuwar Aboabo, in ya sayar ya biya." Matan susu, wato adashi, kuwa su sauya layi, kwasar wannan makon ta zama ta matarsa, ta kafa tukunyar koko da ƙosai a bakin hanya.

Gado muka yi. A 1892 yaƙin sarauta ya watsa Salaga, garin fataken goro. Masu manyan gidajen sauke baƙi suka fice da abin da kai zai ɗauka, wasu Kete-Krachi, wasu Yeji. Da Turawa suka mai da Tamale hedikwatar arewacin ƙasar a 1907, sai kasuwa ta jawo mutane nan. Ga kuma Nuwamban 1969, da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takardu kwana 14 su bar ƙasar. Aka sayar da gidaje a wulaƙance, aka hau mota, har da waɗanda a nan aka yanke musu cibiya, ba su taɓa ganin Kano ba.

Abin da ba a cika faɗa a majalisa ba, wanda ya rasa komai yakan sauke wani nauyi. Da can babbar riga ce dole, da bashin da ake ci don kada a ce Alhaji ya gaza, da rumfar da ya gada ba don yana sonta ba. To yanzu kowa ya sani, me ya rage a ɓoye? Sai ka gan shi yana tuƙa keken yalo-yalo, yana gaisawa da kowa, barci kuma har da minshari. Wani ya koma makarantar dare da furfurarsa. Wani ya zauna wajen maƙwabtansa Dagomba ya koyi ɗinkin rigar fugu, bakinsa ya buɗe da yarensu. Wallahi irin waɗannan suna burge ni.

Abu ɗaya muke tsaya masa a kai: kada ya je ya ci bashi da ruwa don ya yi saurin komawa yadda yake. In muka ji ƙishin-ƙishin, daren nan za a kai maganar gaban liman.