Kunnenka Ƙalau? To Mu Je Bakin Injin Niƙa

Na san halinku, mutanen Bauranya. Da an ce hayaniya na cin kunne, sai wani ya gyara hula ya ce, "Haba Malam, ni da nake jin ɓera na ɓarzar gero a rumbu da tsakar dare?" Sannu, sarkin ji. To yaya aka yi a kasuwar Kankiya dillali ke maimaita maka kuɗin akuya kana ta "iye? iye?" Kada ka ce mini dabarar ciniki ce.

A can ƙuryar kunne akwai wata gaɓa mai siffar katantanwa. Cikinta ƙwayoyi masu gashi kusan 3,500 ke mayar da girgizar sauti ta zama saƙo, jijiyar ji kuma, mai zare wajen 30,000 a kowane kunne, ta kai shi ƙwaƙwalwa. Zarurrukan nan ba halinsu ɗaya ba. Wasu raɗa ma tana tada su, amma da ƙara ta yi yawa sai su ƙoshi, muryar dillali da kukan babur su zama ɗaya a wurinsu. Wasu kuwa nauyin barci gare su, ba sa motsi sai ƙara ta kai ƙara, kuma su ake ganin suna riƙe aiki a tasha da gidan biki. Ɓeranka na rumbu, na farkon ne suka jiyo maka shi. Wannan ba shaida ba ce cewa kunnenka ƙalau yake.

A 2009, Sharon Kujawa da Charles Liberman na Jami'ar Harvard a Amurka suka sa ɓeraye cikin ƙara mai tsanani na awa 2. Eh, ɓeraye, ku gama dariyar. Bayan makonni jin ƙaramin sauti ya dawo musu sarai, amma da aka duba, mahaɗar jijiyar da ƙwayoyin gashin ta tsittsinke, a wani sashen har rabi. A kunnuwan mutane ma, waɗanda aka bincika bayan rasuwa, an ga zarurrukan na raguwa da shekaru.

"Ai mun saba," in ji yaron injin niƙa, fuska fari fat da gari, yana ihu cikin kunnen yarinyar da ta kawo niƙa. In ya kashe inji kunnensa ya hau tsuwa, sai ya cusa iyafis ya ƙure waƙa, wai hutawa yake. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙara mai awon desibel 80, awa 40 a mako ne iyakarta ga babba. Inda kuwa sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai ya ji, ka riga ka wuce nan.

Mai inji, sayo wa yaronka abin toshe kunne, ka janye janareta daga bakin shago. Ku kuma jikoki, ku daina cewa Baba abin da ya ga dama yake ji. Ku rage rediyo, ku fuskance shi, sannan ku yi magana.