Dogo a Tashar Gene

Ɗan yayana, mai kallon tseren motoci a waya, ya nuna mini wata 'yar mota da ake kira kat. Ba ƙofa, ba rufi, tayoyi huɗu kamar faifai, inji a gefe, direba kuma zaune dab da kwalta kamar mai cin tuwo a tabarma. Wani Ba'amurke, Art Ingels, ya fara haɗa ta a Kalifoniya a 1956, kuma a cikin irinta Ayrton Senna da Lewis Hamilton suka koyi tsere tun suna yara. Gudun bai dame ni ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, wai in dogon mutum zai shiga, sai an kwance kujera an ja ta baya, an kishingiɗar da ita, an tura birki da totur gaba, an ɗaga sitiyari kada ya bugi gwiwa. Motar da direbanta kusan nauyinsu ɗaya, saboda haka in nauyin mutum ya taru a sama, sai ta riƙa tsalle a kwana. Da tef ake awon, santimita bayan santimita.

Na ce masa, yaro, waɗannan gata ya yi musu yawa. Mu nan Gene, kan hanyar Kandi zuwa Malanbil, inda hanyar Karimama ta rabu, ba a gyara mota saboda dogo. Dogon ake gyarawa.

Ni ma dogo ne, kuma na daɗe ina nazarin 'yan'uwana a tasha. Makarantarmu tsohuwar Fijo 504 ce, wadda Faransa ta fitar a 1968, Kaduna ta shiga haɗa ta daga 1975. Mai dogon bayan nan an yi ta ne don mutum bakwai. A wurinmu biyu a gaba, huɗu a tsakiya, uku a baya, da direba goma, ban da kaji.

Akwai mai sammako. Kafin ladan ya sauko ya riga ya ajiye buzunsa a gidan gaba, yana kallon kowa kamar wanda ya ci zaɓe. Mota na cika sai kamasho ya kawo masa abokin zama mai tumbi, a tura shi tsakiya, sandar giya tsakanin gwiwoyinsa. Daga nan tafiya ta zama ta haɗin gwiwa a zahiri. "Malam, ɗaga ƙafa." An sa ta biyu. "Malam, sauke." An sa ta uku. Kafin a kai Kandi ya haddace motar, da ya ji kukan inji ya sauya sai ya ɗaga ƙafa da kansa. Ya biya kuɗin fasinja, ya yi aikin karen mota.

Sai Alhaji dillali, wanda ya fito daga kara da ribar bijimi biyu a aljihu. Shi ba ya jayayya, kujera biyu yake saye. Abin da bai taɓa ganewa ba, kuɗi faɗi suke saye, ba sa sayen tsawo. Ga fili hagu da dama, gwiwa kuwa tana nan manne da ƙarfen gaba. Filin ma ba ya daɗewa. A ƙauyen farko direba zai taka birki ya waiwayo da muryar tausayi: "Alhaji, tsohuwa ce, nan kusa za ta sauka." Wa zai hana uwa wuri? Nan kusan nata Paraku ne.

Wanda nake girmamawa shi ne makiyayi. Sandarsa a ɗaure bisa rufi, malafarsa a cinya, ya naɗe kansa a kujerar ƙarshe kamar tabarmar da aka gama salla a kanta. Fulako ya hana shi cewa uffan. Tambaye shi ko ya matsu, ya ce lafiya lau, alhali haɓarsa na hutawa a kan gwiwa. In an iso, ba ya sauka gaba ɗaya. Ƙafa ɗaya ta fito, a jira, ɗayar ta biyo, sannan sauran mutumin ya warware a hankali, har ka yi mamakin inda aka ɓoye shi.

Mai musu kuwa bai yarda shi dogo ba ne. Motocin zamani ne suka ƙanƙance. Motar ta girme shi.

Dogon ɗan kabu-kabu, wanda mutanen Kotonu ke kira zemijan, shi kaɗai ya yi yunƙurin bin tafarkin masu kat. Ya kai Bajaj ɗinsa wajen mai walda an ƙara wa kan tsawo, ya kai wajen mai kushin an ƙara soso. Duk da haka a wurin fasinja yake zama, gwiwoyi a buɗe kamar ungulu na shan hantsi, fasinjan kuma ya koma kan ƙarfen ɗaure kaya yana salati a kowane rami.

Tunda an ambaci mai walda, shi ma jinsi ne. Kalmarsa ɗaya: "Ba matsala, maigida." Dogon direba ya kawo masa kujerar da ta ƙi ja baya, ba zai nemi tef ba, taƙi da ido sun isa. Ya yanke, ya ja, ya liƙe ta har abada. Direba ya miƙe ƙafa ya yi hamdala. Wanda ke bayansa ne zai biya bashin, domin santimitar da aka ba na gaba daga ƙwaurin na baya aka yanko ta. Ranar da maigida ya kwanta zazzaɓi aka ba gajeren yaronsa mota, sai ka ga matashi biyu a bayansa da guntun katako ɗaure a kan kuloci.

Gajere dai shi ne abokin gabarmu. Yana gidan gaba yana lilo da ƙafafu, yana ba mu shawara: "Kawu, ka ɗan karkace mana." In ka yi ƙorafi ya tuna maka wai dogo da hankali dace ne. Hamilton ma, da mita 1.74, da a tasharmu yake da kujerar ƙarshe za a jefa shi, ya yi barci har Kandi.

Wuri ɗaya na ga an yi wa tsawona lissafi irin na masu tsere. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 aka rufe gadar da ke tsakanin Malanbil da Gaya, jama'a suka koma kwale-kwale. Ina sa ƙafa jirgi ya yi tangaɗi, mata suka ɗauki salati. Matuƙin bai san Art Ingels ba, amma ya dube ni daga sama har ƙasa ya ce, "Baba, ba kan katako ba. Tsakiya, ƙasa, ka jingina." Na zauna a gindin jirgi, na kishingiɗa da buhun albasa, na miƙe ƙafafuna duka biyu iya tsawonsu. Ruwan Kwara ya jiƙa mini wando sharkaf, da muka isa Gaya sai da ya ce mini in sauka har sau biyu.